Ƙafar Bello da Kunyar Suruki

Daga Dutse

Gari bai gama wayewa ba aka bugo mini waya daga wurin fasa dutsen da nake wa aikin jinya, wai dutse ya faɗo wa wani mai sammako a ƙafa. Ko shayi ban kurɓa ba muka tashi da direbanmu, Malam Sabo, a motar asibitin kamfani, wadda jiniyarta ta fi injinta lafiya. A shingen bayan gari ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Ina marar lafiyar?" Malam Sabo ya ce, "Yallaɓai, ai ba ma yawo da namu, ɗaukowa za mu yi."

A wurin fasa dutse

Muka saki kwalta, muka sha gargada har muka isa. Na tarar da mai raunin, Bello, wani saurayin Bafulatani, zaune ya rufe ƙafar da hula, jini na tsiyaya ta ƙasan takalmi.

"Ina ke maka ciwo?"

"Lafiya lau, Likita."

Na danna ƙafar. Gumi ya keto masa, ya ce, "Alhamdu lillahi." Raina ya ɓaci. Dole in yanke takalmin, in san ko yana jin yatsunsa, in ba haka ba ƙafar na iya salwanta. Sai Malam Sabo ya raɗa mini cewa dattijon da ke tsaye yana kallon sama, Baffa mai gadi, surukinsa ne. Bello ya gwammace a guntule ƙafar da ya ce wash a gabansa.

Na ɗaure abin da ya ɗauru, muka sa shi a mota. Baffa ma ya shigo, ya ce 'yarsa ba za ta ji ya bar "wannan yaron" shi kaɗai ba.

Hanyar asibiti

Ɗaya na kallon tagar dama, ɗaya ta hagu, ni a tsakiya da almakashi da allura kamar wanzamin da aka hana aiki. Duk ramin da muka faɗa, Bello sai ya ce, "Sannu, Baffa." Ƙafa kuwa sai ƙara kumbura take. Wallahi tsoro ya kama ni.

Can Baffa ya yi gyaran murya. "Direba, tsaya in kama ruwa." Ya ɗauki buta, ya wuce bishiyar farko, ya wuce ta biyu, ya yi ta tafiya har ya ɓace cikin gero.

Bello ya leƙa, ya sake leƙawa, sannan ya kurma ihun da ya sa Malam Sabo sakin sitiyari. "Wayyo Inna! Likita, yatsuna! Duk ina jin su!" Ban taɓa murna da ihun mutum irin ta ranar ba. Na yanke takalmi, na wanke, na ɗaure, na tsira masa allura.

Sai da ya yi tsit Baffa ya dawo, butarsa cike kamar yadda ya tafi da ita. Ya zauna, ya mai da ido taga, ya ce, "Awakin yankin nan akwai kuka."

"Ƙwarai kuwa, Baffa," in ji Bello.

Gida

A asibiti suka ce karaya ce, ƙafa ta tsira. La'asar na iso gida, na gode wa Allah, na gode wa Malam Sabo. Baffa kuwa da na je yi masa godiya, cewa ya yi bai san abin da nake magana a kai ba.