Ranar Da Na Cinna Wa Ɗakin Bushiya Wuta

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba zai kwashe abin da na aikata a Bristol da kakar 2015 ba. Lokacin ina tuƙin tasi a New York, ina zaune a Bronx, sai na ɗauki hutun sati biyu na je Ingila ganin yayata.

Tun rasuwar mijinta ba ta da abin da ke faranta mata rai sai wata 'yar gona a bayan unguwarsu. Fili ne da aka yanka ƙanana-ƙanana, kowa da nasa, kuma shekara huɗu ta yi tana jira kafin ta samu. Kabewa, alayyafo da albasa take nomawa. In ta taso daga aikin kula da tsofaffi, can take wucewa.

Ni kuwa ɗan manomi ne, ga ɗan banzan iyayi. Ran nan ta tafi aiki, na ce bari in yi mata abin arziki. A kan iyakarta da maƙwabciyarta na tarar da tulin itatuwa da busassun ganyaye. Na ce a raina, duk tsaftar Turawan nan ashe ba su san gyaran gona ba. A garinmu in an gama girbi sai a tara a ƙone, tokar ta zama taki. Na ƙyasta ashana.

Hayaƙi na tashi sai ga maƙwabciyar, wata tsohuwar Baturiya, da gudu da bokitin ruwa. Ta watsa, ta durƙusa tana yaye itatuwan da hannunta, ta zaro bushiya a dunƙule, ƙayoyinta sun ɗan babbake. Ashe da gangan suka tara tulin don bushiyoyi su sami wurin kwanciya har sanyi ya wuce, kuma an hana kunna wuta a filin. Wanda ya karya doka ana iya karɓe gonarsa, ga shi tsohuwar ce shugabar kwamitinsu.

Da Yaya ta ji, ba ta yi faɗa ba, kuma wallahi gara ta zage ni. Cewa kawai ta yi, "Auta, da ka tambaye ni." Sai na ga hawaye. Garin neman gira zan rasar da ita ido.

Ranar Asabar aka zauna a kan maganar. Ni da nake musu da fasinja a unguwar Harlem ta New York har mu rabu, na durƙusa gaban tsohuwar nan yadda ake yi wa iyaye, na ce laifina ne, lokacin yayata ba ta ma nan. Hannun tsohuwar na naɗe da bandeji. Ta ce in tashi, ta tambaye ni me ya sa na yi. Na ba ta labarin gonar babanmu. Sai ta ce kakanta ma haka yake ƙona kara, kuma tana yarinya bushiya ta cika lambunan birnin, yanzu sai ta yi shekara ba ta ga ɗaya ba.

Suka bar wa Yaya gonarta, da sharaɗin a mayar da tulin. Kwana biyu ina jidar itace, Yaya na tsokanata: "Sannu magini, Allah ya sa mai ɗakin ta yaba."

Bayan na koma Bronx, da bazara Yaya ta turo min hoton sawun bushiya a bakin tulin. Na daɗe a cikin mota ina kallonsa. Abin da na sani game da noma gaskiya ne, amma na gonar babanmu ne. Tun daga ranar, in na ga abin da ya yi min kama da shara a wurin mutane, sai na tambayi mai wurin kafin in kai hannu.