Hannu na Biyu a Jaridar Baba

Duk abin da zan manta a zamana na Ingila, ban da wata Talata da na laɓe a kicin ɗin mahaifina ina sauraron wani bawan Allah kamar mai dakon ɓarawo.

A lokacin ina aiki a Manchester, Baba kuma yana zaune shi kaɗai a wani ɗan gida a Sparkbrook, cikin Birmingham, tun bayan rasuwar mahaifiyarmu. Tsohon malamin Turanci ne, kuma ba abin da yake so kamar wasan cike gurbi na bayan jarida, irin mai wuyar nan da Turawa ke kira cryptic. A ba ka jimla, amma ba abin da ta faɗa take nufi ba. Da ya so koya mini, da Hausa ya yi mini misali: "Riga ta yamutse, mutane sun zauna a ciki. Harafi huɗu." Na yi ta zare ido, sai ya ce in yamutsa haruffan riga. Gari ke nan. Daga ranar na kamu.

Jarida iri ɗaya muke saye. Ni in yi nawa a tiram, jirgin cikin gari, shi ya yi nasa a kujerarsa, da yamma in kira shi. Ba cikawa kaɗai yake yi ba, har maki yake ba wanda ya haɗa wasan. Wata rana ya ce, "Wannan ya san aikinsa, takwas bisa goma." Wata rana kuma ya ce mai haɗawar malalaci ne, ya cusa kalmar da ba ta da aikin yi a jimla.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. An rufe wurin da tsofaffin unguwarsu ke taruwa da rana, mai zuwa kula da Baba kuma aka rage masa lokaci zuwa minti goma sha biyar da safe. Wani mutumin Filato ne, Kirista, ya ba hamsin baya, Hausarsa tsab. Wani kamfani ne ke turo shi. Shi ke ba Baba magani, ya haɗa masa shayi, ya sayo masa jarida.

Abin ya fara ne da ƙorafi. Baba ya ce masu haɗa wasa sun lalace, kullum biyu bisa goma, uku bisa goma. Ni kuwa wasan nan nake yi, ban ga abin da ya same shi ba. Sai na lura tambayoyin da yake karanto mini a waya na jiya ne, waɗanda na riga na gama. Na tambaye shi ranar da ke jikin jaridar, ya karanto. Ta jiya ce. Washegari ma haka.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa na je. Na tarar Baba ya rame, miyar da matata ta aiko tana cikin firij ba a taɓa ba. Na buɗe tarin jaridun da ke gefen kujerarsa. Wasu an yage shafin wasan. Waɗanda suka rage kuwa, a kowanne akwai amsa biyar ko shida da fensir, da wani rubutu mai manyan haruffa wanda ba na Baba ba. Na ce, "Baba, wa yake rubuta maka a jarida?" Ya ƙura wa shafin ido, ya ce, "Ni ma ina ganin ana taɓa mini kaya."

Kafin jirgi ya kai ni gida na gama yanke hukunci. Mutumin nan yana tafiya da sabuwar jarida gidansa, ya karanta, ya kawo ta washegari. Ɗan lokacin da aka ba shi kuma a kan wasa yake ƙarar da shi, tsoho yana zaune da yunwa. Ranar Litinin na rubuta wa kamfaninsu ƙara, na zaɓi kalmomi masu nauyi. Ban kira shi ba, ban tambaye shi komai ba. Talata na ɗauki hutu, na bi jirgin farko, don in kama shi da hannu a ciki. Na ce wa Baba zan dafa ruwa, na shige kicin na sakaya ƙofa.

Mai kula da Baba ya shigo yana haki, ya gaida Baba har da rusunawa. Na ji ƙarar kwalin magani, na ji yana lallashi. "Baba, ka ci biredin nan tukuna, sannan jarida." Baba ya ce ya riga ya ci. Mutumin ya ce, "To ka taya ni, ni ban ci ba." Ta tsagar ƙofa na ga ya ciro jarida daga jaka ya shimfiɗa masa a cinya, ya nuna wani gurbi. "Na gwada waɗannan, ka duba ko na yi daidai." Baba ya gyara tabarau ya duba, fuskarsa ta saki. Ya ce, "Daidai ne, amma kai ɗalibi ne mai gaggawa." Ya karɓi biro, ya ɗora kalma ɗaya a kan haruffan da aka fara masa.

A nan na fito. Mutumin ya razana, sannan ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. In ba damuwa ka raka ni tasha, bas ɗina ya kusa."

A titin Stratford ya buɗe jakarsa ya miƙo mini shafukan da aka yage. Rubutun Baba ne, kowane gurbi a cike. Amma da Hausa. Inda ake son harafi huɗu ya rubuta ruwa, wani wuri gida, wani wuri sunan mahaifiyarmu, har sau uku a shafi ɗaya.

Ya ce wata biyu ke nan da ya fara gani. Baba kan cika haka, can ya dawo hayyacinsa ya duba, sai ya yini bai ci abinci ba. "Ni ban iya wasan nan ba, Malam. Amma na ga suna buga amsar jiya a jaridar yau. Sai nake riƙe ta kwana ɗaya, in kwafa masa kaɗan da fensir. In ya samu haruffan farko, yakan tuna sauran." Ya ce sau biyu yana rubuta wa ofishinsu, ba wanda ya waiwaye shi. Na ce me ya hana ya gaya mini. Ya ce, "Baba ya riƙe hannuna ya haɗa ni da Allah kada in gaya wa yaronsa. Na yi ta tunanin yadda zan yi."

Na gaya masa na kai ƙararsa jiya. Ya dubi bas ɗin da ke tahowa. Ya ce, "Ubanka ne, dole ka ji tsoro. Ka dai kai shi wurin likita a makon nan." Ya hau ya tafi.

A ranar na janye ƙarar, na kira, na sake rubutawa. Suka ce an gode, amma ƙa'ida ce, an riga an ɗauke shi daga gidan. Baba ya yi ta tambayata ina ɗalibinsa. Likita ya tabbatar ciwon mantuwa ne, kafin ƙarshen wata na dawo da shi gidana a Manchester, inda ya zauna har Allah ya karɓi abinsa. Mutumin nan ya zo ta'aziyya, bai ta da maganar ba.

Duk abin da na gani a gidan nan gaskiya ne, ba ƙirƙira na yi ba. Fassarar ce tawa, kuma na zaɓi wadda ta fi mini sauƙi, domin zargin baƙo ya fi sauƙi a kan yarda cewa mahaifina yana suɓuce mini. Tun daga lokacin, in zuciyata ta gama shari'ar mutum, nakan je in tambaye shi kafin in ɗauki biro.