Shaidar da Na Bayar a Kan Taubashina

Ni ɗan manoma ne daga wani ƙauye kusa da Dungas. Tare muka tashi da Ilu, ɗan gwaggona, taubashina. Abin da duk ya taɓa sai ya yi albarka. Gyaɗarsa ta fi tawa, bakinsa ya fi nawa daɗi, har mahaifina yakan ce da ni, "Ka dubi Ilu mana." Tun daga nan zuciyata ta fara ruɓewa.

Shekarar da ya sayi doki na fara kwance awakin mutane, don kada a ce ba ni da komai. Daga akuya na koma jaki, ina tsallake iyaka da su zuwa ƙasar da Ingilishi ke mulki in sayar. Duk da haka ban kamo ƙafarsa ba.

Ana nan aka tsinci gawar wani falke a hanyar Bande. A makon nan aka kama ni da jakin sata, aka kai ni Magarya gaban kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu a lokacin. Tafinta ya ce, "Kai mai yawon daji, wa ka gani a hanyar nan ranar kasuwa?" Ban ga kowa ba, amma na ce, "Ilu na gani." Na ɗauka bulala za a yi masa, girmansa ya zube. Sai aka kama shi, aka ɗora masa kisan falken.

Dattawanmu suka je da maganar diyya kamar yadda aka gada, don su ceci ransa. Dangin mamacin ma sun yarda. Kumandan ya ce shari'ar Nasara ba ta san diyya ba, kuma mai son biya ai ya amsa laifi.

Aka kai mu kaso a Damagaram, ni shekara uku, shi harbi. Ni aka sa kai ruwa ɗakinsa. Ya dube ni ya ce, "Taubashi, wasan nan ya yi nisa. In ka fita ka gaya wa Inna ban kashe kowa ba. Kai ka fi kowa sani." Bai zage ni ba. 'Yan kaso suna ta yabon haƙurinsa, wallahi har wannan yabon sai da na yi masa hassada. Tsoro ya hana ni warware maganata. Wata safiya aka fita da shi, gawarsa ma ba a ba dangi ba.

Da aka sake ni, na tarar ana kiran gidan Gwaggo gidan mai kisan kai. Ba mai sayen ƙuli-ƙulinta, ba mai barin ɗansa ya yi wasa da 'ya'yan Ilu. Na durƙusa na faɗa mata komai. Ta ce, "Ni na san ɗana. Je ka faɗa a tsakiyar kasuwa." Na je na faɗa, aka tofa mini yawu, na cancanta. Har ta rasu ba ta sake kiran sunana ba.

Samari, na tuba, ina roƙon Allah gafara kullum. In ɗan'uwanku ya samu kuka ji ƙirjinku ya yi zafi, ku yi masa addu'a tun bakinku bai buɗe da sharri ba. Kaso ya sake ni, amma babu mai sako mini Ilu.