Butar Gahawar Yaya

Allah ya yi wa Yayana rasuwa ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, a kan kujerarsa ta bakin taga. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Yaya, kai ka riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Da aurena ya mutu kai ka buɗe mini ƙofa, ba ka taɓa tambayata yaushe zan tafi ba. Amma in na rufe ido, a gaban risho nake ganinka, da 'yar butar gahawar nan mai hawa biyu da ka sayo zamanin kana tuƙin babbar mota. Ruwa a ƙasa, garin gahawa a tsakiya ba tare da an danna shi ba, a murɗa a rufe, wuta kaɗan-kaɗan. Da ta fara ƙara sai ka sauke, ka naɗe gindinta da jiƙaƙƙen tsumma don kada gahawar ta ƙone. Baƙa ƙirin take fitowa, mai kauri.

Butar ba ta yarda a zuba mata rabi, dole kofi biyu take bayarwa. Shi ya sa ba ka taɓa sha kai kaɗai ba. Mai gadi ya sha, mai gyaran famfo ya sha, ni ma ka koya mini, kana tsokanata wai bakina na yara ne.

Da ciwo ya kwantar da kai, mutum ɗaya kake so ya karɓi kofi na biyun, wato ɗanka. Na kira shi har na gaji. Maimakon ya zo, sai ga kwali, da injin gahawa mai walƙiya, mai fitar da kofi ɗaya. A waya ya ce, "Baba, yanzu ba sai ka jira kowa ba." Wallahi na ga fuskarka. Ka ce, "Allah ya yi albarka," ka sa na tura kwalin ƙarƙashin gado.

Sai washegarin jana'iza ɗan naka ya iso, ya zauna yana karɓar gaisuwa kamar shi ya yi jinya. Har da tambayata, "Gwaggo, Baba ya ji daɗin injin kuwa?" Kai na san ka yafe tun kafin ka tafi, ni kam da saura.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina yi wa dangi da maƙwabta ta'aziyya, har da ɗan naka. Allah ya sa ranar da zai kira nasa 'ya'yan, su zo da ƙafarsu.