Motar da Maƙwabta Suka Wanke

Shekarar da ambaliya ta ci Jidda ina zaune a unguwar Waziriyya, ina da wata mota ƙwaya ɗaya da nake kai yara makaranta da ita in wuce wurin aiki. Na yi mata inshora cikakkiya, har abokai suna yi mini dariya wai na fi Bature tsoron gobe.

Da ruwa ya janye, na tarar da ita taɓo har kan sitiyari, tana wari kamar kwata. Kamfanin inshora suka ce za su turo mai dubawa ranar Asabar. Kuskuren da na yi, na faɗa wa wani dattijo maƙwabcina, mutumin Katsina, da ya zo mini jaje.

"Baƙo zai zo ya gan ta haka?" ya ce. "Haba ɗana, aibu ne."

Kafin in dawo daga aiki ya tara mutanenmu da bokitai. Sun kwashe taɓon, sun wanke kujeru, har turare suka saka. Na yi godiya, don ni ma ban san an yi ɓarna ba.

Mai dubawa ya zo da farar jallabiya, yana ɗage ta kada ta taɓa ƙasa. Ya zagaya motar sau ɗaya, bai ko buɗe inji ba.

"Ya akhi, ɗan'uwana, ina ruwan da ya shige ta? Wannan tsohon ciwo ne. Halas, magana ta ƙare."

Har yau ina tuna fuskarsa. Layinmu gaba ɗaya alamar ruwa tana jikin bango har ƙirji, yana kallonta, ya rubuta abin da ya ga dama.

Mu da aka hana kuɗinmu muka haɗu muka kai kamfanin ƙara. Lauya ya ce kowa ya kawo hoton motarsa cikin taɓo. Masu son jiki da suka bar nasu suna ruɓewa a titi duk suna da hoto. Ni nawa hoton mota ce tana ƙyalli. Aka cire sunana tun kafin zama na biyu.

Na sayar da ita wa masu gwangwan, yara suka koma bin motar haya. Dattijon ya tare ni a ƙofar masallaci yana murmushi.

"Ɗana, sun biya ko? Ai da ya gan ta tsaf ya san mu mutanen kirki ne."

Na ce, "Sun biya, Baba."