Birthe Kragh da Jarkar Hagu

Ga ta nan gare ku, 'yan uwa.

Ta zo mu saurara.

Wannan ba ta gizo ba ce, ta Birthe Kragh ce, wadda ta ajiye aiki makon jiya. Kullum da safe takan jingine kekenta a ƙofar ɗakin gwaji a garin Ballerup, ta zura farar riga, ta kunna na'ura. Aikinta tace peptaid, wato guntun furotin da ake harhaɗawa don magani. Yakan zo mata da gurɓata, ta tura shi cikin bututun ƙarfe mai cike da farin gari, ruwan sinadari na kora shi sannu sannu. Datti ya fita daban, na kirki ya fita daban, ta tare shi a kwalba.

Wata rana aka kawo ɗan peptaid da bai cika cokali ba, an haɗa shi don mace ɗaya mai ciwon daji. Kafin a haɗa wani sai an yi watanni, likitoci kuwa sun ce ba za ta kai ba. Asger, abokin aikin Birthe tun kafin su yi furfura, ya manta bai juya famfo ba. Maganin duka ya zarce jarkar ruwan zubarwa.

Ya zo ya tsaya a kanta.

"Birthe, na kashe matar nan."

"Kai tsoho, ba ka kai ba. Wace jarka?"

"Ta hagu."

"Sabuwa ce, da safe na sa ta, maganin bai gauraya da tsohon datti ba. Ɗauko. Kuma ka san doka, mai ɓarna shi ke kawo kek gobe."

Tare suka je suka faɗa wa shugaba komai. Sauran makon ta yi shi tana mayar da ruwan jarkar cikin bututu kaɗan kaɗan, har maganin ya fito tas, gwaji ya tabbatar.

Ke ce, Birthe, mai sanyaya zuciyar wanda ya yi kuskure har ya iya faɗin gaskiya da wuri. Mun gode miki. Masu tasowa, ku koyi wannan tare da sarrafa na'ura.

Matar ta samu allurarta a kan lokaci, har yau Birthe ba ta san sunanta ba. Asger ya kawo kek ɗin kirfa, ƙasansa ya ƙone, aka cinye. Yana nan yana aiki. Birthe kuwa tana gida tana shuka dankali.