Baba Biyu Ne a Hausa

Shekarun baya, lokacin gwiwoyina na ɗaukar tsayuwa, na yi gadi a wani gidan nuna zane-zane kusa da unguwar Aldwych, a nan ƙasar Turawa. Karatuna bai wuce aji uku ba, Turancina kuwa na shiga bas ne da neman afuwa. Aikin bai buƙatar fiye da haka: ka tsaya, ka hana yara taɓa bango.

Wata shekara aka kawo zanen wani Bafaranshe da ya daɗe da mutuwa. An ce babban malamin zane ne a Paris, ɗalibai tuli, lambobin girma har ƙirji ya cika. Yakan je Masar ya ga kasuwa da masallaci, ya cika akwatuna da alkyabba da takubba, ya koma gida ya ɗauko talaka haya, ya tufatar da shi, ya zana. Turawa su ce ga Gabas nan sak.

A cikin zanen akwai wani baƙin mutum tsaye a bakin ƙofa, da rawani da takobi, fuska a murtuke. Manaja ta dube shi, ta dube ni, ta ce kamar an tsaga kara. Ta tambaya ko ina da rawani in sa ranar buɗewa, in tsaya gefen zanen. Na ce ina da na mahaifina, Allah ya jiƙansa. Kaina ya kumbura.

Na ɗauki hoton a waya na kai wa abokina, mutumin Katsina da ke tuƙa tasi a Camberwell, don shi ya yi boko. Na ce, "Alhaji, wane ne wannan a gidan?"

Ya ce, "Ai baba ne, mai tsaron ƙofar mata."

Na ce, "Madalla, ni ma baba ne. Ni zan tsaya a madadinsa."

Ya yi dariya har da dukan sitiyari, ya ce, "Kai dai ba ka rabo da shaƙiyanci." Laifin mai yawan wasa ke nan, ranar da ya yi magana da gaske ba wanda ke tsayar da shi.

Na gayyaci 'yata, haihuwar nan, tana jami'a a lokacin. Tun tana ƙarama take jin kunyar faɗin aikina a gaban ƙawayenta. Na ce yau za ta ga ubanta ana girmama shi.

Na naɗa rawanin yadda mahaifina yake yi ranar Idi. Na tsaya, na murtuke fuska. Wata mata ta yi jawabi, ta nuna zanen, ta nuna ni, ta faɗi wata kalma da ban sani ba. Ɗakin ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, har da rusunawa. Aka yi ta ɗaukar hoto da ni. Na waiwaya neman 'yata, ta fita.

Na same ta a tasha, muka hau bas ɗin Camberwell har muka haye kogi. Sannan ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, "Baba, ka san me matar ta ce?"

Na ce, "Dattijon gida."

Ta ce, "A'a. Bawa ne. An yi masa abin da aka yi wa muzurun maƙwabtanmu a asibitin dabbobi."

Sai a lokacin kunnena ya sake jin muryar abokina. Baba ya ce, amma da ɗayar muryar, irin ta babanni, dandaƙaƙƙun bayin da ake ajiyewa su tsare matan wani. Kalmar na san ta tun ina yaro. Son girma ne ya toshe mini kunne. Na bayyana mata kalmomin biyu ina ƙoƙarin mayar da abin wasa. Ba ta yi dariya ba.

Har yau ba manajar ke ci mini rai ba. Shi Bafaranshen, kowa ya san inda aka haife shi da inda ya mutu da abin da sarakuna suka ba shi. Mutumin bakin ƙofa kuwa na tambaya, ba wanda ya san ko sunansa. Wataƙila shi ma cewa aka yi ya zo za a girmama shi.

Rawanin yana ƙasan akwati, ko Idi ban ƙara naɗa shi ba. 'Yata kuma tun daga wannan bas ɗin Abba take ce mini. Ban tambaye ta dalili ba.